Yadda Mai Shirin Fara Cacar Ƙwallo Zai Karanta Tikiti Ya Yi Lissafi Kafin Ya Taɓa Aljihunsa

Na yi shekara huɗu a bayan kanta a wani shagon cacar ƙwallo da ke gefen Abuja, ina karɓar kuɗi, ina buga wa mutane tikiti, ina kuma biyan 'yan tsirarun da suka ci, kuma a tsawon wannan lokaci ni kaina na buga tikitin da ban san adadinsa ba. Yawancin sababbin zuwa aboki ne yake jawo su bayan an tashi daga gidan kallo, kuma iyakar abin da suka sani shi ne wani ya zuba naira 200 ya kwashi kuɗi masu kauri. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu cewa lambobin da ke jikin allo lissafi ne da aka gama tun kafin a take wasa.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba. Hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, domin aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta ambace ta tare da giya, ta kuma yi umarnin a nisance ta, kuma sauya mata suna zuwa hasashe ko wasa ba ya sauya hukuncin. Ni ba malami ba ne, abin da na iya shi ne lissafin da ke cikin harkar. Matakai huɗu na farko da zan kawo ba sa bukatar ko sisin kwabo, kuma na ga mutane da dama da suka tsaya a na huɗu ba su ƙara gaba ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta da biro, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci, domin ƙwaƙwalwar mai caca tana riƙe ranar da ya ci ta manta ranaku goma da aka ci shi. Na biyu kalkuleta, ta cikin waya ma ta wadatar. Na uku hanyar ganin jadawalin wasanni da lambobinsu, ko dai waya mai intanet, ko kuma takardar jadawalin da ake mannawa a bangon shago ga wanda ba shi da babbar waya. Sai wanda ya kai mataki na shida zai bukaci katin shaida ko lambar NIN, da asusun banki mai ɗauke da sunansa shi kansa.

Mataki na 1: Ka san inda doka ta tsaya a garinku

Wanda bai cika shekara 18 ba doka ba ta ba shi damar yin caca ba, kuma idan ya buɗe asusu da ƙarya kamfani na da hujjar hana shi abin da ya ci. Bayan wannan, doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya, kuma jihohi ne ke da ikon tsara harkar a cikin iyakokinsu. Don haka abin da hukumar jihar Legas ta bai wa lasisi ba lallai ya zama halastacce a Kano ko Zamfara ba, inda ake aiki da shari'ar Musulunci. A cikin shekarar 2024 ɗin ma Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. Idan jiharku ta haramta, a nan tafiyarka ta ƙare, kuma samun manhaja a wayarka ba ya nufin doka ta ɗauke maka kai.

Mataki na 2: Ka koyi alamomin da ke kan allo

Alamar 1 tana nufin mai masaukin baƙi zai yi nasara, X tana nufin kunnen doki, 2 kuma tana nufin baƙo zai yi nasara. Idan ka ga 1X ko X2, to ka haɗa sakamako biyu ke nan, wanda duk ya faru a cikinsu ka ci, sai dai abin da za a biya ka ya ragu ƙwarai. Sama da 2.5 na nufin za a zura ƙwallo 3 ko fiye a wasan gaba ɗaya, ƙasa da 2.5 kuma ƙwallo 2 ko ƙasa da haka, kuma an saka rabin ne don kada a yi jayayya. GG na nufin ɓangarorin biyu duk za su ci ƙwallo, NG kuma akasinsa.

Kuskuren da ya fi haddasa hayaniya a gaban kanta shi ne na lokaci. Zaɓin 1, X da 2 yana ƙarewa ne a minti 90 da 'yan mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, ba ya shiga ƙarin minti 30, ba ya kuma shiga bugun fenariti. A ranar 7 ga Fabrairu, 2024, Nijeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka a birnin Bouaké, amma an tashi minti 90 ne da ci 1 da 1, sai a bugun fenariti Nijeriya ta wuce da 4 da 2. Duk wanda ya zaɓi nasarar Nijeriya a ranar ya yi murna a titi, tikitinsa kuwa ya mutu. Wanda yake nufin wadda za ta tsallake zuwa zagaye na gaba, akwai zaɓi na daban da aka ware wa wannan.

Mataki na 3: Ka fitar da kason kamfani da hannunka

A gefen kowace alama akwai lamba irin 2.10 ko 3.50, wadda 'yan shago ke kira odi, ni kuma zan kira ta ninki, domin da ita ake ninka kuɗinka. Idan ka zuba naira 100 a kan ninkin 2.10 kuma ka ci, za a ba ka naira 210, wato uwar kuɗinka da ribar naira 110. Sabon shiga yakan ɗauka 210 ɗin duka riba ce.

Lambar tana da fuska ta biyu wadda ba a rubutawa a allo. Ka raba 100 da ninkin, abin da ya fito shi ne kashi nawa cikin 100 dole abin ya riƙa faruwa kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Ɗauki wasan da aka sa wa mai masaukin baƙi 2.10, kunnen doki 3.30, baƙo kuma 3.50. Na farko zai ba ka 47.6, na biyu 30.3, na uku 28.6. Tun da yake ɗaya daga cikin ukun nan ne kawai zai faru, kuma dole ɗaya ya faru, kamata ya yi jimlarsu ta zama 100 daidai. Ka tara ka gani, 106.5 za ka samu. Wannan rarar da ta hau sama ita ce abincin kamfani. Idan ka raba 100 da 106.5 za ka samu kusan 0.94, ma'ana a cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba a wannan wasa, kimanin naira 94 ce aka tsara za ta koma hannun masu caca, naira 6 kuwa ta tafi tun kafin alƙali ya hura usur.

Misalin kwabo ya fi fito da abin fili. Idan aka wulla kwabo sama, kai ko wutsiya rabi da rabi ne, kuma biyan adalci shi ne ninkin 2.00. Kamfani kuwa 1.90 zai sa a kowane ɓangare. Ka buga sau 100 da naira ɗari-ɗari, ka zuba naira 10,000 ke nan, idan ka ci sau 50 za a biya ka naira 9,500. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba, ba a kuma cuce ka a ƙidaya ba, amma naira 500 ta fita daga aljihunka. Kafin ka tsira da uwar kuɗinka sai ka ci sau 53 cikin 100, ka kuma ci gaba da yin hakan shekara da shekaru.

Ka yi wannan lissafi a kan wasanni biyar daban-daban kafin ka wuce. Za ka lura cewa rarar takan fi ƙanƙanta a manyan wasannin Firimiyar Ingila da Gasar Zakarun Turai, ta kuma fi girma a ƙananan gasa da zaɓuɓɓuka irin na ainihin yawan ƙwallayen da za a tashi da su ko wanda zai fara cin ƙwallo.

Mataki na 4: Ka yi wata guda kana caca a takarda

Ka ja layuka shida a littafinka: rana, wasa, zaɓinka, ninki, sakamako, da abin da ya shigo ko ya fita. Ka ɗauka kana zuba naira 100 a kowane wasa, amma kada ka fitar da komai. Sharaɗin shi ne ka rubuta zaɓinka da biro kafin a fara wasa, kuma kada ka goge, domin bayan an tashi kowa gwani ne, kowa ya san da ma haka za a yi.

Wasa 10 ko 20 ba sa nuna komai, sa'a kaɗai tana iya ɗora ka a sama. Ka kai aƙalla 100, ko da zai ɗauke ka fiye da wata, sannan ka tara. Sanin 'yan wasa da tarihin kulob da kake taƙama da shi a majalisa, masu tsara ninkin sun san shi, sun kuma riga sun saka shi cikin lambar. Idan jimlarka ta fito da asara, kamar yadda ta yawancin mutane take fitowa, ka sami amsarka a kuɗin littafi da biro.

Mataki na 5: Ka yanke iyaka kana cikin hayyacinka

Wanda ya ga lissafin nan kuma duk da haka ya zaɓi ci gaba, to ya ware abin da idan ya ƙone ƙurmus ba zai hana shi barci ba, ya kuma ɗauke shi a matsayin kuɗin da ya riga ya kashe. Kuɗin cefane, kuɗin haya, kuɗin makaranta, jarin sana'a, zubin adashi da amanar wani ba sa shiga nan, bashi kuwa ko na naira 50 ne bai halatta a wannan lissafi ba. Kada tikiti ɗaya ya wuce kashi 2 cikin 100 na abin da ka ware, wato wanda ya ware naira 5,000 a wata ba zai wuce naira 100 a tikiti ba. Idan abin ya ƙare ranar 12 ga wata, an rufe sai wani watan.

Akwai dabarar da kowane sabon shiga yake zaton shi ya fara gano ta, wato idan aka ci shi sai ya ninka, wai ranar da ya ci zai mayar da komai. Ka fara da naira 100, ka koma 200, 400, 800, haka har sau takwas a jere, za ka tarar naira 25,500 ta tafi, kuma a karo na tara sai ka zuba naira 25,600 don neman ribar naira 100 kacal, ita ma sai idan ninkin 2.00 ne. Faɗuwa takwas a jere ba baƙon abu ba ne, na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Garin neman gira ke nan ake rasa ido.

Mataki na 6: Buɗe asusu

Ka duba ƙasan shafin kamfanin ka ga hukumar da ta ba shi lasisi, sannan ka tabbatar a shafin hukumar kanta. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp ko Telegram, domin akwai shafukan bogi da aka ƙera tamkar na gaske. Sunan da za ka yi rajista da shi ya zama daidai da na asusun bankinka harafi da harafi. Lokacin zuba kuɗi babu mai tambayarka komai, amma ranar cirewa Muhammad da Mohammed sun isa a riƙe maka kuɗi sai ka kawo takardu. Kada ka yi amfani da asusun wani, kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada kuma ka bar katin bankin da albashinka ke shiga a maƙale a manhajar. Idan akwai wurin saka iyakar abin da za ka iya zubawa a rana ko a wata, ka saka tun ranar farko.

Kyautar maraba kuwa a karanta sharuɗɗanta da kyau. A misali, za a ce ka zuba naira 5,000 a ƙara maka 5,000, amma sai ka juya kyautar sau 10 kafin ka cire, wato sai ka buga cacar naira 50,000, wadda kason kamfani a cikinta a lissafin da muka yi ya kai naira 3,000, kuma sau da yawa akan ƙara sharaɗin ninki mai tsawo ko tikiti mai wasanni da yawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Inda aka ba da zaɓin ƙin karɓa, ƙin karɓar ya fi sauƙi.

Wanda zai buga a shago ya karanta tikitinsa a gaban kanta kafin ya juya baya, domin mai bugawa ɗan Adam ne, ni ma na sha danna X a maimakon 2 idan layi ya yi tsawo. Ya kuma ɗauki hoton tikitin, saboda takardar irin ta na'urar POS ce, zafin aljihu da gumi suna goge rubutunta.

Mataki na 7: Tikitin farko ya zama wasa ɗaya

Dogon tikiti shi ne abin da shago ya fi so ka buga, kuma shi ne yake biyan kuɗin haya da man janareta. Idan ka haɗa wasanni, ana ninka lambobinsu da juna, shi ya sa naira 100 take nuna maka dubbai a allo, amma kason kamfani ma haka yake ninkuwa. Ka danna 0.94 sau 0.94 har sau 10 a kalkuleta, za ka ga abin da ake sa ran ya dawo daga naira 100 ya faɗo zuwa wajen 53 ko 54. A tikiti mai wasa 20 bai kai naira 30 ba.

Wasu sukan ce ai manyan ƙungiyoyi kawai suke zaɓa. Ɗauki wasa 10 kowanne mai ninkin 1.30, jimlar ninkinsu kusan 13.8 ce. Bayan an cire kason kamfani, damar kowanne kusan kashi 72 ce cikin 100, damar su zo duka goma kuwa kusan 4 ce cikin 100, wato sau ɗaya cikin 26, alhali biyan da za a yi maka bai kai ninki 14 ba. Kuma manyan ma suna faɗuwa. Ajantina ta shiga Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022 a Qatar bayan wasa 36 ba a doke ta ba, Messi ya fara cin ƙwallo, sai ga Saudiyya ta farke ta ƙara, aka tashi 2 da 1.

Akwai wani direban Keke Napep da yake zuwa mana duk ranar Asabar da tikiti mai tsawon kamu guda. Wata rana wasa 17 cikin 18 suka zo masa, na ƙarshen aka farke a minti na 88. Ya tsaya a gaban kanta yana shafa takardar a kan gwiwarsa, yana nuna wa duk wanda ya shigo, yana cewa wasa ɗaya ne ya yanke shi. A zuciyarsa ya kusa, a lissafi kuwa wanda wasa ɗaya ya yanke da wanda goma suka yanke duk sifili aka biya su. Ranar Litinin da kuɗin balas na mai keken ya dawo.

Abubuwa uku ka bar su gaba ɗaya a matsayinka na sabo. Wasannin kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna ba ƙwallo ba ce, na'ura ce take fitar da sakamako, babu wani sani da zai amfane ka, kuma saurinta yana cinye kuɗin wata a yammaci ɗaya. Caca ana tsakiyar wasa tana tilasta maka yanke shawara jini na tafasa. Maɓallin karɓar wani ɓangare na kuɗin tikitinka kafin a tashi wasa kuwa, shi ma an cire kaso a cikin abin da yake tayawa. Sannan kada ka yi caca a kan ƙungiyar da kake goyon baya, domin mai son Arsenal ko Barcelona ba ya iya yi musu lissafin gaskiya.

Mataki na 8: Ka gane masu sayar da tabbataccen wasa

Kwana kaɗan bayan ka shiga harkar za ka fara ganin saƙonnin masu cewa suna da wasan da aka riga aka saya. Ga yadda ake yi. Mutum zai tara lambobin waya 810 ya raba su gida uku, ya ce wa rukuni ɗaya 1, ɗaya X, ɗaya 2. Dole mutum 270 su ga ya faɗi daidai. Sai ya sake raba waɗannan, 90 su rage, sannan 30, sannan 10. Mutum goman nan sun ga ya canka sau huɗu a jere, kuma a lokacin ne zai nemi kuɗin shiga rukuni na musamman. Hotunan tikitin cin nasara da yake yaɗawa kuwa yaro mai waya yana iya haɗa su cikin minti biyar. Wanda ya san sakamakon gobe da gaske ba ya bukatar naira 5,000 ɗinka.

Mataki na 9: Cire kuɗi da hisabin ƙarshen wata

Idan ka ci, ka cire zuwa banki a ranar, domin kuɗin da ya kwana a manhaja lamba ce kawai a ido, kuma komawa yake yi inda ya fito. Ka ci gaba da cika littafinka kamar yadda ka yi a mataki na huɗu, ka haɗa da kuɗin data da cajin banki, kuma a ƙarshen wata ka gwada jimlarka da bayanan asusun bankinka, ba da abin da kake tunawa ba.

A wannan zama na ƙarshen wata ne za ka yi wa kanka tambayoyi ka amsa a rubuce. Shin ka wuce iyakar da ka yanke? Ka ci bashi, ko ka sayar da wani abu, ko ka taɓa kuɗin da ba naka ba? Ka ɓoye wa matarka ko iyayenka yawan abin da ya tafi? Kana duba sakamako a wurin aiki, ko cikin dare, ko lokacin da ake kiran salla? Idan amsa ɗaya ta zama e, ka nemi kamfanin ya rufe asusunka, ka goge manhajar, ka fita daga rukunonin da ake tura wasanni, ka kuma sauya hanyar da take bi ta ƙofar shagon. Ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, yaya ko aboki ko limamin unguwa, ka miƙa masa katin bankinka na ɗan lokaci idan hannunka ba ya tsayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da caca cikin jerin cututtukan da ake dubawa, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato wurare ne da za a iya zuwa a ga likita a kan irin wannan. Idan za ka je, ka tafi da littafin nan, domin likita zai tambaye ka yaushe abin ya fara da kuma nawa ya ci.